Wane irin layin waya ya dace da kasuwancina? Tambayoyi da amsoshi ga 'yan kasuwar Kaduna

Yawancin masu wannan tambaya suna so ne a ce musu MTN ko Airtel, su wuce. Amma kafin a zo ga sunan kamfani akwai abin da ya fi shi nauyi: da sunan wa aka yi rajistar lambar, mutum nawa ne za su iya kira a lokaci guda ba tare da sun ji layi a cike ba, kuma me zai ci gaba da aiki idan an ɗauke wuta ko sabis ya tafi.

Layuka iri nawa ne ma ɗan kasuwa zai iya zaɓa a yau?

Na farko shi ne layin da kowa ya sani, SIM na MTN, Airtel, Glo ko tsohon 9mobile wanda ya koma T2 a 2025. Ana iya sa shi a wayar hannu, ana kuma iya sa shi a wayar tebur mai cin SIM. Na biyu rukunin layukan ma'aikata ne da ake kira CUG, inda ake biyan kuɗi ƙayyadadde duk wata a kan kowane layi, 'yan rukunin su riƙa kiran juna ba tare da an cire musu kati ba. Na uku layin intanet, wato VoIP, wanda murya ke bi ta data, lamba ɗaya kuma ta ɗauki kira da yawa a tare. Sai lambobin da ke farawa da 0700 da 0800, waɗanda ba layi ba ne a karan kansu, ƙofa ce kawai da ke tura kira zuwa layukan da kake da su. WhatsApp Business kuwa ba ya tsayuwa shi kaɗai, dole a ɗora shi a kan wata lamba.

Wayar girke irin ta NITEL fa, mai 062, har yanzu ana samu?

Ta wayar tagulla da ake ja daga turke zuwa ofis ta zama tarihi. Tun da wayar salula ta shigo a 2001 ta fara ja da baya, daga baya aka sayar da kadarorin NITEL ɗin gaba ɗaya. Abin da ya rage shi ne lambar girke wadda ke zuwa ta fayiba ko ta intanet daga kamfanoni masu lasisin NCC, hukumar kula da sadarwa ta ƙasa. Tsarin lambar ma ya canza: daga 1 ga Janairun 2024 an ƙara 02 a gaba, Legas ta tashi daga 01 zuwa 0201, Abuja 0209, Kano 02064, Kaduna kuma 02062. Duk wanda ke da tsohuwar lamba a kan takardar kamfani ko allon ƙofar ofis, ya gyara.

Shagona ɗaya ne a Kasuwar Gumi, ni da yara biyu. Lambata ta kaina ba za ta isa ba?

Za ta yi aiki, Alhaji, amma ba mu ba da shawarar haka ba. Lambar da iyali ke kira, wadda alat ɗin banki ke shigowa ta kanta, bai kamata ta zama ita ce ake miƙa wa yaron shago ya amsa kwastoma ba. Ranar da ka tafi Kano sarin kaya, ko ka tafi Umara, ciniki ya bi ka a aljihu, shago ya zauna shiru.

Ka sayi sabon layi na shago kaɗai, ka sa shi a waya mai arha da ke riƙe caji, ko wayar tebur mai SIM wadda ba ta shiga aljihun kowa. Wayar ta kwana a shago ko a hannun mutum ɗaya da aka sani. Ga mai shago ɗaya wanda kiransa bai wuce talatin ko arba'in a yini ba, wannan ya wadatar, duk abin da ya wuce haka ɓarnar kuɗi ce.

Da sunan wa ya kamata a yi rajistar layin? Yarona ne ya sayo mana da NIN ɗinsa.

A nan aka fi yin kuka, don haka za mu ɗan tsaya. A wurin kamfanin waya, mai layi shi ne wanda NIN ɗinsa da fuskarsa ko yatsunsa ke kan rajista, ba wanda ya biya kuɗin SIM ba, ba kuma wanda sunan shagonsa ke kan allo ba. Idan yaron nan ya bar aiki, ko kuka ɓata, zai iya shiga ofishin kamfanin ya ce layinsa ya ɓace, a yi masa walkam-bak, SIM ɗin da ke hannunka ya mutu nan take. Daga wannan lokaci duk wanda ya karanta lambar a jikin leda, ko rasit, ko allon shago, shi zai samu. Da lambar zai karɓi lambar sirri ta WhatsApp ya ɗauke shi ma. Ko da yaron mutumin kirki ne, idan ya koma garinsu ko Allah ya yi masa rasuwa kuma SIM ya lalace, ba za a ba ka sabo da sauƙi ba, tunda ba kai ne a rajista ba.

Idan kasuwancin naka ne kai kaɗai, ka je da kanka a yi rajista da NIN ɗinka. Idan kamfani ne mai rajistar CAC, hukumar rajistar kamfanoni, musamman mai abokan tarayya, a yi rajistar layukan da sunan kamfanin. Za a nemi takardar CAC, lambar haraji, wasiƙa a kan takardar kamfani, da NIN na babban jami'i guda da zai tsaya a matsayin wakili, sannan a haɗa kowane layi da NIN na ma'aikacin da ke riƙe da shi. Amfanin wannan wahala shi ne ranar da ma'aikaci ya tafi, kamfani ne ke da ikon rufe SIM ɗin ya karɓi sabo da lamba ɗaya.

Wanda ya riga ya yi kuskuren, kada ya jira rigima. Yanzu da ake shiri, ku tafi tare da yaron ofishin kamfanin, kowa da NIN ɗinsa, ku nemi a canza mallakar layin. Aikin yini ɗaya ne idan ana ga-maciji, aikin watanni idan an daina.

Sai a guji SIM ɗin da aka riga aka yi wa rajista ana sayarwa a bakin titi. Haramun ne a dokar NCC, kuma ba ka san laifin da aka taɓa yi da shi ba.

Wane kamfani ne ya fi sabis a Kaduna?

Babu amsa ɗaya ga gari duka. Layin da ke cika a titin Ahmadu Bello zai iya zama sanda ɗaya a cikin wani lungu na Rigasa, wanda ke da kyau a Barnawa ya riƙa yankewa a sito a Kudenda. Rufin kwano, bangon kankare da shagon da ke ƙasan bene duk suna cin sigina. Cunkoso ma haka: a Kasuwar Barci ana gab da Sallah za ka ga sanduna cike amma kira ba ya shiga, domin turken ya ɗauki iya mutanen da zai iya.

Ka gwada da kanka a daidai inda wayar za ta zauna, ba a ƙofar shago ba. Ka ari layukan kamfanoni biyu ko uku, ka yi kira da safe, da azahar, da kuma bayan la'asar, kwana uku a jere, har da ranar da kasuwa ta fi cika. Sandunan da ke kan allo ba abin dogaro ba ne. A wayar Android ka shiga saiti, wurin bayanin waya, ka duba matsayin SIM, za ka ga lamba da dBm a gefenta, ita ce ma'aunin ƙarfin sigina. Daga -60 zuwa -90 lafiya lau. Idan ta wuce -105, kamar -110, ka sa ran yankewar kira.

Kada ka sayo na'urar ƙara ƙarfin sigina ka kafa da kanka. NCC ta ce kamfanonin waya masu lasisi ne kaɗai ke da izinin kafa ta, kuma marar kyau tana lalata wa maƙwabta sabis. Wayar tebur mai eriya da ake iya ja zuwa taga ta fi sauƙi, ba ta da laifi.

Na riga na buga lambata a ko'ina, amma sabis ɗin kamfanin ba shi da kyau a sabon shagona. Sai na canza lamba?

A'a. Tun 2013 ana iya ƙaura da lamba daga wani kamfani zuwa wani. Ka je ofishin kamfanin da kake so ka koma da NIN ɗinka da wayar, ka cike takarda, ka tura PORT zuwa 3232, su ba ka sabon SIM mai tsohuwar lambarka. Ka cinye katin da datar da ke ciki kafin ka je, ba sa bin ka. Shi ya sa ma yanzu 0803 ba lallai MTN ba ce, 0802 ba lallai Airtel ba.

Kwastomomi na ƙorafin kullum layinmu a cike yake. Ta yaya zan san layi nawa nake buƙata?

SIM ɗaya magana ɗaya yake ɗauka a lokaci guda. Jiran kira, wanda ake kunnawa da *43#, yana nuna maka cewa wani na kira, amma baki ɗaya gare ka.

Kada ka ƙirga kiran yini, ka ƙirga na awar da ta fi zafi. A ce gidan abinci ne a Unguwar Rimi, tsakanin 12 da 1 na rana kira 30 ke shigowa, kowanne minti 3. Magana ta minti 90 ke nan a cikin minti 60. Mutum zai ce to layi biyu sun isa har da ragi. Ba su isa ba, saboda kira ba ya zuwa a jere kamar layin awo, uku su faɗo tare, sannan a yi shiru. Akwai lissafin da wani injiniya ɗan ƙasar Denmark mai suna Erlang ya fitar, wanda kamfanonin waya ke aiki da shi har yau. A kan wannan misali, da layi ɗaya mutum 6 cikin 10 za su tarar da shi a cike. Da biyu, kusan 3 cikin 10. Da uku, 13 cikin 100. Da huɗu, 5 cikin 100. Kuma kowane layi yana buƙatar mai ɗauka, in ba haka ba an sayi ƙararrawa ne kawai.

Ba tare da sayen na'ura ba, akwai dabarar da kira zai tsallaka zuwa wata waya?

Akwai, kuma kowace waya na yi. Ka danna **67* sai lambar da kake so, sai #, duk kiran da ya tarar kana magana zai wuce can. **61* na kiran da ba a ɗauka ba ne, **62* na lokacin da waya ke kashe ko babu sabis, **21* kuma yana tura komai. ##002# yana soke su duka. Kai ne ke biyan kuɗin kiran da aka tura, don haka idan kati ya ƙare a layin farko, turawar ta tsaya, ba kuma wanda zai gaya maka.

A ja wa yaran shago kunne: duk wanda ya kira ya ce daga kamfani yake, a danna **21* da wata lamba don "gyaran layi", ɗan damfara ne, kiranku yake son karkatarwa.

CUG na da amfani ga mai direbobi da masu kai kaya?

Sosai, idan yawancin kiran tsakaninku ne: shago da sito, ofis da direban da ke hanyar Zariya, makaranta da masu motar ɗaukar yara. Ka ɗauki kuɗin katin da kake ba ma'aikata a wata, ka kwatanta da kuɗin CUG sau yawan layuka. A Janairun 2025 NCC ta amince da ƙarin kuɗin kira da data har zuwa kashi 50 cikin 100.

Iyakarsa ita ce duk layukan na kamfani ɗaya ne, kiran kwastoma ko wani layi na waje kuma da kati ake yinsa. Idan direbanka na bin hanyar da wannan kamfani ba shi da sabis, arhar ba ta da amfani. Idan kuma an manta biyan kuɗin wata, rukunin ne duka zai tsaya rana ɗaya.

Yaushe ya kamata a koma layin intanet?

Idan ana buƙatar lamba ɗaya da mutane da yawa za su amsa: asibiti, otal, makaranta, kamfanin tafiye-tafiye na Hajji da Umara, dillalin da ke da reshe a Kawo da Sabon Tasha. Kira na shigowa cikin akwatin raba kira, wato PBX, ya yi gaisuwa, ya ce danna 1 don kaza, ya ajiye mutum a layi idan kowa na magana, ya rubuta wa ya kira da wa ya ɗauka. Kowane tebur na da lambar ciki, kamar 101 ko 102, kira tsakaninsu kyauta ne ko da reshe na wata unguwa. Akwatin na iya zama ƙaramar na'ura a ofis, irin na Yeastar ko Grandstream, ko kuma ya zauna a wurin kamfanin da ya ba ka layin kana biya duk wata. Ga ofis mai mutum biyar zuwa goma, na biyun ya fi sauƙin kai, ba na'urar da za ta ƙone a hannunka.

Abin da yake buƙata ba intanet mai gudu ba ne, intanet mai natsuwa ne. Kira ɗaya mai murya tsaf yana cin kusan kilobit 100 a daƙiƙa a kowane ɓangare, wato kira goma a tare megabit ɗaya, minti ɗaya kuma kamar megabait 1.3. Wannan ba komai ba ne. Matsalar ita ce jinkiri. Idan murya na ɗaukar fiye da milidaƙiƙa 150 kafin ta isa, sai ku fara cin karo da bakin juna. Idan fiye da kashi 1 cikin 100 na bayanan na zubewa a hanya, murya ta riƙa gutsurewa kamar rediyon da batir ya yi wa sanyi. Shi ya sa fayiba ta fi rauta mai SIM (rauta ita ce na'urar raba intanet), jonawa da igiya ta fi wayales, kuma a saita rautar ta ba murya fifiko, don kada akawu ya fara sauke fayil kira ya lalace. Starlink, wanda ya shigo Najeriya a 2023, yana ɗaukar kira, sai dai ruwan sama mai ƙarfi irin na Agusta kan katse shi na 'yan mintuna.

Wata cuta da ke yawan rikita masu sabon kafi: kira ya shiga, kai kana ji, shi ba ya jin ka, ko ya yanke bayan kamar daƙiƙa 30. Kafin a zargi kamfani, a shiga saitin rauta a kashe abin da ake kira SIP ALG. Sau da yawa maganin ke nan.

Ka karɓi layin daga kamfani mai lasisin NCC, ka tambaye shi kira nawa zai ɗauka a tare, wace lamba ke fitowa a wayar wanda ka kira, kuma ina kira zai tafi idan intanet ɗinka ya yanke. Amsar ta ukun ta zama wata wayar salula da ka zaɓa, a rubuce.

Idan aka ɗauke wuta fa?

Tsohuwar wayar girke daga ofishin waya take samun wutarta, wannan kuwa daga soket ɗinka. Rauta na cin kamar wat 10, ƙaramin akwatin raba kira wat 10, wayoyin tebur huɗu da abin da ke ba su wuta kamar wat 25. Jimla wat 45. Batir mai bolt 12 da amfiya 100, idan ba a zuƙe shi ya wuce rabi ba, zai riƙe su kusan awa 11 ta inbata. A ware musu wannan batir su kaɗai, kada a haɗa da firij ko fanka. Daƙiƙun da ake ɗauka kafin a tada janareta sun isa su kashe rauta, ita kuma sai ta yi minti biyu ko uku kafin ta dawo. Da damina a sa abin kariya daga tsawa, a tabbatar akwai wayar ƙasa mai kyau, domin tsawa ta kan bi igiyar da ta fito daga rufi ta cinye duk abin da ke jone.

0700 da 0800, mene ne bambancinsu?

A 0800 kai ne ke biyan kuɗin kiran, mai kira kyauta yake yi. A 0700 mai kira ne ke biya, kai kana biyan hayar lambar. Ga mai rassa a garuruwa ko mai talla a rediyo, lamba mai sauƙin haddacewa tana da rana. Ga shago ɗaya a Panteka ado ne kawai, kuma 0800 na jawo masu kira don hira, a kan kuɗinka.

Hajiya ce, ina sayar da atamfa da turaren wuta daga gida. WhatsApp Business kaɗai bai ishe ni ba?

Zai ɗauki mafi yawan cinikin, Hajiya, tunda kaya ne da ake son gani. Kyauta ne, yana da wurin jera kaya da farashi, da saƙon da ke amsawa idan ba kya kusa, kuma za ki iya jona na'urori huɗu a kan lamba ɗaya, ƙanwarki ta riƙa amsawa daga tata wayar. Ki lura, idan babbar wayar ta yi kwana 14 ba a buɗe shi ba, sauran za su fita.

Amma lambar da ke ƙarƙashinsa ta kasance da rai. Mata da yawa na cire SIM ɗin su jefa a durowa tunda data na zuwa daga wani layi. A ƙa'idar NCC, layin da ya yi wata 6 ba kira, ba saƙo, ba sayen data, ana iya rufe shi, idan aka ƙara wata 6 a haka ana iya rasa lambar a ba wani. Ki riƙa sa masa kati ki yi kira ko da sau ɗaya a wata. Ki kunna tabbatarwa mai mataki biyu da lambobi 6 da ke kaɗai kika sani, ki sa wa SIM ɗin kansa lambar sirri, kada kuma ki karanta wa kowa lambar da aka turo miki ta saƙo, ko da ya ce daga ƙungiyar 'yan adashe yake.

Ana iya naɗar kiran kwastoma?

Na'urar na iya yi, amma muryar mutum da lambarsa bayanansa ne, kuma dokar kare bayanai ta 2023 ta shafe su. A sanar da mai kira tun a gaisuwar farko, a taƙaita masu iya saurare, a riƙa gogewa bayan wani lokaci da aka tsayar.

Me zan tanada don ranar da sabis ya ɗauke gaba ɗaya?

Layi biyu na kamfanoni daban, duka a rubuce a kan allo da rasit. Na'urar POS ma kada ta zama a kan kamfani ɗaya da layin shago, don kada kira da karɓar kuɗi su mutu tare. Yankewar fayiba wurin aikin titi abu ne na yau da kullum, a ranar 14 ga Maris 2024 kuma igiyoyin ƙarƙashin teku suka lalace a gabar Afirka ta Yamma, intanet ya yi rauni kwanaki, har bankuna suka ji a jikinsu. Mai layin intanet kaɗai ya fi kowa shan wuya a irin wannan rana.

Akwai kuma abin da layi biyu ba sa magani. Daga ƙarshen Satumba zuwa ƙarshen Nuwamban 2021 an rufe sabis na duk kamfanoni a wasu sassan jihar Kaduna saboda tsaro. Mai hulɗa da ƙauyuka ya ajiye lambobin kwastomomi da na masu kawo kaya a littafi, ba a cikin waya kaɗai ba, tare da lambar wani nasu da ke cikin gari.

Idan matsala ta taso, ka fara kiran 300, lambar kula da kwastoma ce a duk kamfanonin, ka karɓi lambar ƙorafi ka rubuta. Idan ba su gyara ba, ka kira NCC kyauta a 622, za su tambaye ka wannan lambar ƙorafin.